Yadda na tace hira da kunne da manhajar karanta allo

Aikin da ke gabana shi ne wata hira mai tsawon kusan awa guda, wadda aka naɗa da makirfo ɗaya, aka kuma bukaci in rage ta zuwa rabi, in cire tari da inda-inda da maimaici, in daidaita ƙarfin muryoyin mutum biyu, sannan in sa ɗan kiɗa a farko da ƙarshe. Ni makaho ne, ba na ganin komai a allon kwamfuta, saboda haka zanen igiyar sauti da masu gani suke dubawa su gane inda magana ta tsaya da inda ta tashi ba ya cikin kayan aikina. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tace sauti ya fi kowane aiki sauƙi ga makaho, tunda kunne ne jagoransa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Kunne yana faɗa mini abin da ya kamata a yanke, sai dai ba ya faɗa mini inda manuni, wato alamar da ke nuna wurin da nake a cikin sautin, yake tsaye, ko wane layin sauti aka zaɓa, ko tsawon yankin da wuƙar za ta faɗa wa idan na danna madannin gogewa. Waɗannan bayanai manhajar karanta allo ce take kawo su, kuma yawancin wahalar aikin tana wajen haɗa abin da kunne ya ji da abin da manhajar ta faɗa.

Manhajar karanta allon da nake amfani da ita ita ce NVDA, wadda Michael Curran ya fara rubutawa a shekarar 2006, James Teh kuma ya shigo suka ci gaba da ita tare, dukansu makafi ne 'yan Ostareliya. Kyauta ce, a kan Windows take aiki. Akwai masu amfani da JAWS, akwai kuma masu VoiceOver a kwamfutocin Apple, amma matsalolin da zan ambata kusan iri ɗaya ne ga kowa. A ɓangaren tacewa na fara da Audacity, manhajar da Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka ƙirƙira a Jami'ar Carnegie Mellon, aka fitar da ita ga jama'a a shekarar 2000. Na zaɓe ta ne domin kusan duk umarninta yana cikin jerin zaɓuɓɓukan da ke saman taga, NVDA kuma tana karanta su ɗaya bayan ɗaya tare da madannan da ke kiran kowanne kai tsaye.

Kafin in taɓa hirar, sai da na warware batun muryoyi biyu a kunne ɗaya. Muryar NVDA da sautin da nake tacewa duk ta hedifon ɗaya suke fitowa, kuma idan ban yi shiri ba, sai manhajar ta riƙa karanta mini sunan taga daidai lokacin da nake ƙoƙarin jin ƙarshen wata kalma. NVDA tana da tsarin da ke rage ƙarfin sauran sautuka duk lokacin da take magana, wanda ake sauyawa da madannin NVDA (wato madannin da aka keɓe domin ba manhajar umarni) da Shift da D. Tsarin yana da amfani wajen sauraron rediyo a intanet, amma a wajen tacewa guba ne, domin zai sa ka ji kamar murya ta yi ƙasa alhali fayil ɗin bai canja ba, ka je ka ƙara mata ƙarfin da ba ta bukata. Na kashe shi gaba ɗaya. Na kuma saba da ajiye ɗan yatsa kusa da Ctrl, wanda ke katse maganar NVDA nan take. A shekarar 2024 an ƙara wa NVDA yanayin da ba ta magana sai an tambaye ta, da kuma wani tsari da ke kai muryarta kunne ɗaya, sauran sautuka ɗaya kunnen. Na farkon ya yi mini amfani ƙwarai lokacin sauraro mai tsawo. Na biyun kuwa ban riƙe shi ba, domin ina son in ji hirar a kunnuwa biyu kamar yadda mai sauraro zai ji ta.

Bayan na shigo da fayil ɗin da Ctrl da Shift da I, abu na farko da ya zama dole in fahimta shi ne fasalin tagar Audacity. Sassa uku ne: sandunan kayan aiki a sama, layukan sauti a tsakiya, da sandar zaɓi a ƙasa, ana kuma zagayawa tsakaninsu da Ctrl da F6. A cikin layukan, kibiyar sama da ta ƙasa suna kai ni daga layi zuwa layi. A nan ne akwai bambancin da mai gani ba ya ko lura da shi saboda launi yana nuna masa: tsayawa a kan layi daban, zaɓar layin daban. Zan iya kasancewa a kan layin hira alhali layin kiɗa ne a zaɓe, kuma duk umarnin da na bayar, kan kiɗan zai sauka. Madannin Enter ne yake zaɓa ko ya cire zaɓi, NVDA kuma tana faɗar halin da layin yake ciki. Na mayar da shi ƙa'ida cewa kafin kowane yanka sai na bi layukan da kibiya na ji wanne ne a zaɓe, ko da ina da tabbacin ban canja komai ba.

Ban fara da yanka ba. Na saurari hirar daga farko zuwa ƙarshe, ina danna Ctrl da M duk inda na ji abin da zan dawo masa, wato farkon sabuwar tambaya, ko dogon kauce wa zance, ko wurin da kujera ta yi ƙara. Wannan yana ajiye alama a daidai inda sautin yake gudana, ya ba ni damar rubuta mata suna. Muryar da nake amfani da ita a NVDA ta Turanci ce, tana murɗe kalmomin Hausa har su kusa ɓacewa, don haka nake ba alamomin gajerun sunaye da lamba, waɗanda zan gane ko an karanta su a karkace. Waɗannan alamomi su ne suka maye mini gurbin kallon zanen. Mai gani yana duban allo sau ɗaya ya san inda shiru yake da inda aka ɗaga murya, ni kuwa sai na biya da cikakken sauraro, amma bayan haka ina da jerin wurare masu suna da lokaci, wanda nake iya buɗewa kamar jadawali in tsallaka zuwa duk inda nake so.

Yankan kansa shi ne ya fi cin lokaci, shi ne kuma ya fi dacewa a yi bayaninsa dalla-dalla. Sandar tazara, wato dogon madannin Space, tana kunna sauti, idan aka sake danna ta sai manuni ya koma inda ya faro. Madannin X kuwa yana tsayar da sautin ya bar manuni a inda ya tsaya. Bambancin nan ƙarami ne a faɗa, amma a kansa aikin yake tafiya, domin da sandar tazara nake maimaita wuri ɗaya har in gamsu, da X kuma nake matsawa gaba. Idan sauti yana tafiya na ji farkon abin da zan cire, sai in danna bakan buɗewa mai kusurwa, wato [, idan na ji ƙarshensa in danna na rufewa, wato ], yankin da ke tsakaninsu ya zama zaɓaɓɓe. Hannun ɗan Adam yana makara da ɗan abin da bai kai sakan ba bayan kunne ya ji, don haka iyakokin farko ba sa taɓa zama daidai. Ana gyara su da Shift da kibiya domin faɗaɗa yankin, ko Ctrl da Shift da kibiya domin tsuke shi.

A nan na gamu da abin da ya fi ba ni mamaki a duk aikin. Nisan da kibiya take motsa iyaka bai dogara da lokaci ba, ya dogara ne da yadda aka zuƙo zanen a allo, domin kowane danni ɗigo ɗaya na hoton yake tsallakawa. Idan hirar awa guda tana cikin allo gaba ɗayanta, danni ɗaya zai iya haɗiye kalmomi da dama. Idan an zuƙo sosai, sai ya zama ɗan ƙanƙanin ɓangare na sakan. Ke nan ni da ba na ganin hoton dole in kula da girmansa, in riƙa zuƙowa da Ctrl da 1, in nisanta da Ctrl da 3, in koma matsakaici da Ctrl da 2. Wannan ya nuna cewa an gina manhajar ne a kan ido tun daga tushe, aka zo daga baya aka buɗe wa madannai ƙofa. Ban ɗauki hakan abin ƙorafi ba, amma wanda bai san da shi ba zai daɗe yana mamakin dalilin da kibiyarsa take yin tsalle yau, gobe kuma ta yi rarrafe. Idan ina son daidaito na ƙarshe, sai in sauka sandar zaɓi, inda lokacin farawa da na ƙarewa suke a rubuce da lambobi, in tsaya kan lambar da nake so in ɗaga ta ko in sauke ta da kibiya, NVDA tana karanta mini sakamakon.

Kafin in goge komai, ina danna C. Wannan madanni yana kunna ɗan abin da ke gaban yankin da ɗan abin da ke bayansa, ya tsallake tsakiyar, wato ina jin yadda maganar za ta kasance bayan yanka tun ban yanka ba. A ganina babu umarnin da ya kai shi amfani ga makaho a duk manhajar. Da shi nake gane cewa na cinye farkon wani baƙi, ko na bar rabin numfashi a rataye, ko na haɗa jimloli biyu da sauri fiye da yadda bakin mutum yake iya yi. Numfashi musamman yana bukatar kulawa, domin idan aka cire shi duka sai mai maganar ya koma kamar na'ura, idan kuma aka bar biyu a jere sai mai sauraro ya ji ɗinkin. Na fi son in yanka gab da farkon numfashin da ke gaban sabuwar jimla, in bar shi ya shigo da ita. Bayan na gamsu sai in danna Z, wanda ke matsar da iyakokin zuwa wurin da igiyar sautin ta ratsa sifiri, abin da ke rage ɗan ƙas ɗin da ake ji a mahaɗa, sannan in goge. A wannan mataki ban ga abin da mai gani ya fi ni da shi ba, in ban da sauri. Shi ma idan ya yanka da ido bai saurara ba, sai kunnen mai sauraro ya kama shi.

Ƙarar da ke ƙarƙashin hirar, wani shuu ne mai ɗorewa irin na fanka. Rage ta a Audacity mataki biyu ne: a zaɓi wurin da babu magana sai ƙarar kaɗai, a sa manhajar ta ɗauki samfurinta, sannan a zaɓi dukan layin a sake buɗe umarnin a aiwatar. Tun a sauraron farko na ajiye alama a wani shiru mai ɗan tsawo saboda wannan. Tagar umarnin tana da zaɓin da ke kunna abin da za a cire kaɗai maimakon abin da zai rage, kuma da shi nake auna hannuna. Idan na ji guntayen kalmomi a cikin abin da za a zubar, to na zarce, sai in sassauta. Na gwammace in bar ɗan shuu da in sa murya ta koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa.

Ƙarfin sauti shi ne wurin da kunne ba ya isa shi kaɗai. Kunne yana sabawa da duk abin da aka ba shi, bayan ɗan lokaci sai murya mai rauni ta zama daidai a wajensa, kuma ƙarfin hedifon ba shi ne ƙarfin fayil ba. Mai gani yana duban ma'aunin da ke hawa da sauka, ni kuwa lamba nake nema. Dabarar da na yi amfani da ita ita ce buɗe umarnin ƙara ƙarfi bayan na zaɓi yanki, domin yana buɗewa ne da adadin desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, da ya rage kafin ƙololuwar yankin ta kai sifiri, wanda a wannan ma'auni shi ne iyakar sama. Idan ya ce 9, na san ƙololuwar tana desibel 9 ƙasa da sifiri, sai in rufe tagar ba tare da na aiwatar da komai ba. Da haka na tabbatar da abin da na zarga, cewa mai tambaya ya fi kusa da makirfo, muryarsa kuma ta danne ta baƙon. Na bi amsoshin baƙon na ɗaga su, na sa matsi kaɗan domin rage tazarar da ke tsakanin kalmomi masu ƙarfi da masu rauni, sannan na daidaita dukan shirin da ma'aunin LUFS, wanda ke auna ƙarfi yadda kunne yake jin sa a tsawon lokaci. Ƙa'idar gidajen rediyo da talabijin na Turai ita ce 23 ƙasa da sifiri, shirye-shiryen da ake sauraro a intanet kuma sun fi yawa a wajajen 16. Na biyun na bi.

Kiɗan ne ya kai ni iyakar Audacity. Kayan da ake zana hawa da saukar ƙarfi da shi a kan layi da linzamin kwamfuta ake jan sa, madannai ba sa kai gare shi. Akwai mafita, wato umarnin da ke rage kiɗa da kansa duk lokacin da murya ta shigo, wanda ke bukatar layin muryar ya kasance a ƙarƙashin layin kiɗan kai tsaye, kuma ya yi mini aikin. Sai dai gyare-gyare irin wannan suna sauya sautin da ke cikin aikin ne, tarihin komawa baya da Ctrl da Z kuma yana ɓacewa da zarar an rufe aikin. Idan washegari na ji kiɗan ya yi ƙasa da yawa, sai in sake shigo da shi daga farko.

Wannan ne ya sa a aikin da ya biyo baya na koma REAPER, manhajar kamfanin Cockos na Justin Frankel, wanda ya ƙirƙiri manhajar sauraron kiɗa ta Winamp. Ita kaɗai ba ta faɗa wa manhajar karanta allo abu mai yawa, amma akwai ƙarin da ake ɗora mata mai suna OSARA, wanda James Teh ɗin nan na NVDA ya fara rubutawa, kuma yana zuwa da nasa tsarin madannai. Da shi kowane motsi yana da amsa: idan na hau layi sai a faɗi sunansa da halinsa, F5 yana rufe bakin layi, F6 yana ware shi shi kaɗai, F7 yana shirya shi domin naɗa, kowanne kuma ana sanar da ni abin da ya faru. F12 yana buɗe yanayin koyo, inda duk madannin da na taɓa za a faɗi aikinsa ba tare da an aiwatar ba, kuma a cikinsa na koyi yawancin abin da na sani. Abu biyu ne suka riƙe ni. Na farko, kibiyar hagu da ta dama suna jan sautin a kunnena yayin da manuni yake motsi, har in ji bakin kalma in tsaya a kansa ba tare da na kunna na tsayar ba. Na biyu, yanka a REAPER ba ya taɓa fayil na asali, kamar telan da ya naɗe leɓen yadi ciki maimakon ya datse shi, duk ranar da aka bukaci tsawon sai a warware. Akwai kuma mai gadin ƙololuwa, wanda nake gaya wa iyakar da nake so, shi kuma ya sanar da ni idan sauti ya haye ta, abin da ya ba ni damar sa ido kan ƙarfi tun lokacin naɗa, ba sai bayan an gama ba.

REAPER ma tana da nata tarkon. Idan aka saita ta ta kame katin sauti ita kaɗai, kamar yadda wasu direbobin ASIO, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa ta da katin, suke yi, muryar NVDA tana iya ɗaukewa gaba ɗaya in dai ta kati ɗaya suke fita, makaho kuma ya tsinci kansa gaban kwamfutar da ba ta magana, a cikin tagar da ya kamata ya gyara saitin. Saboda haka na raba su tun farko, NVDA ta katin cikin kwamfuta, REAPER ta na'urar sauti ta waje. Haka nan ƙananan manhajojin gyaran murya da wasu kamfanoni suke yi, da yawansu fuskarsu zane ce zalla, NVDA ba ta samun ko kalma ɗaya a ciki. OSARA tana fito da ma'aunansu a jere in sauya su da lambobi, kuma wannan yakan wadatar, amma idan wani zaɓi yana cikin zanen kaɗai, ko tagar rajista ce ta ƙi karantuwa, sai in gwada madannin NVDA da R, wanda ke karanto rubutun da ke cikin hoto. Wani lokaci yana fitar da ni, wani lokaci kuma sai na ajiye manhajar na nemi wata. Yanzu kafin in saba da kowace, sai na fara gwada ko zan iya kaiwa ga dukan ma'aunanta.

Hirar farko dai a Audacity na kammala ta. Na fitar da kwafi ɗaya a WAV domin ajiya, ɗaya kuma a MP3 domin aikawa, na rubuta sunan shirin a gurbin bayanan fayil, waɗanda duk NVDA take karantawa ba tare da matsala ba. Daga nan na rufe manhajar tacewa, na buɗe fayil ɗin MP3 a wata manhajar sauraro daban, na sa NVDA ta yi shiru, na saurare shi daga farko zuwa ƙarshe, da hedifon sannan da lasifikar waya, domin kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne layin da aka rufe wa baki aka manta, ko dogon shiru da ya rage a ƙarshe saboda wani guntun sauti da ya maƙale can nesa, kuma babu ɗayansu da manhajar karanta allo za ta faɗa idan ba a tambaye ta ba. A lasifikar wayar na ji kiɗan buɗewa ya ɗan danne gaisuwar mai tambaya, abin da hedifon ya ɓoye, sai na koma na rage shi da desibel 3 na sake fitarwa kafin in aika.